Ranar da Aka Tare Elijah Dogo

Duk wanda ya zauna Yelwa a farkon jihar Kebbi ya san Elijah Dogo. Ko bai san sunansa ba, ya san gudunsa. Da sassafe, masunta na dawowa daga ruwa, sai ka hango shi bakin tafki yana sassarfa cikin yashi, mutum zanƙalele kamar giginya. Matan da ke jiran kifi su yi ta tsokanarsa: "Dogo, wa ya koro ka?" Bai taɓa tanka musu ba.

Bakambare ne, ɗan manoma daga wani ƙauye a duwatsun Ngaski. Tsawonsa ne ya raba shi da gona. Yana sakandare wani malamin wasanni ya miƙa masa ƙwallo, ya nuna masa kwando, shi ke nan. Da ya gama sai Sakkwato, yana buga ƙwallon kwando ana biyansa albashi, abin da innarsa har ta rasu ba ta gane ba. Takan ce, "Iliya, kwandon nan da ba shi da gindi, mi aka tarawa ciki?" Shi da ƙungiyarsu sun zaga Kano da Kaduna da Legas a gasar ƙasa, shi ne kaftin, kuma wallahi in ya tashi sama ba mai iya tare shi.

Sai aka yanke Kebbi daga Sakkwato a 1991. Ma'aikata kowa ya nufi jiharsa, ƙungiyarsu ta watse. A daidai lokacin wani kulob na kudu ya neme shi, shi da amininsa Zaidu, mutumin Shanga. Zaidu ya ɗaure kayansa. Elijah kuwa ya ƙi, don wani babba ya dafa kafaɗarsa ya ce sabuwar jiha za ta kafa tata ƙungiya, kuma shi ne zai zama kaftin ɗinta na farko.

Zaidu ya ce, "Haba Dogo! Jihar da ko kujerun ofis ba ta gama saye ba, ita za ta yi maka fili? Shekarunmu na wasa ba su da yawa."

Elijah ya ce, "Ni dai ina son in sa rigar gida, ko da sau ɗaya."

Aka tura shi malamin wasanni a wata makaranta a Yelwa. Ya share fili, ya sa mai walda ya lanƙwasa masa rodi ya zama kwando, matarsa Larai ta saƙa raga da zaren taru. Ya tara yara yana koya musu. A faɗi gaskiya, da farko ba don yaran ya yi ba, abokan karawa yake nema kada jikinsa ya mutu kafin a kira shi. Amma ya koya musu da gaske, ba ya wasa da su, ba ya barin rago a fili. Su kuwa suna ganin girmansa kamar uba.

Shekara ta bi shekara. Labarin gasar da ke iso masa ba mai daɗi ba ne: bana a buga, baɗi a tsaya, wannan kulob ya rufe, wancan 'yan wasa sun gudu. Kira dai shiru. Aka haifa masa 'ya, Blessing, ta yi rarrafe, ta shiga makaranta, yana nan yana jira. Abin tausayi, kullum da yamma in ya kara da yaransa ya ci su, sai ya koma gida da fara'a ya ce wa Larai, "Har yanzu da saura." Ita dai sai ta ce, "Allah ya sa."

Wajen ƙarshen shekarun casa'in aka ji za a haɗa 'yan wasan jiha. Kocin da aka turo Yelwa ya zaɓi mutane ba wani ba ne, Zaidu ne, ya yi ƙiba, ya daina wasa tuni. Suka rungume juna. Zaidu ya nuna masa benci kusa da shi ya ce, "Kaftin, zo ka taya ni dubawa." Sai a lokacin ya lura Elijah ya ɗaure takalmin wasa. Zaidu ya hura usur, aka fara wasa.

Elijah ya jefa ta farko ta shiga, ta biyu ta shiga. Mutane na tafi. A ta uku ne ya ga abin da bai taɓa lura da shi ba. Hammadu, wani ɗan masunci da Elijah ya koya wa riƙon ƙwallo da hannunsa, yanzu saurayi ne ƙaƙƙarfa, yana tsaye gabansa. Da Elijah ya taho, sai Hammadu ya ɗan ja ƙafa gefe, ya sunkuyar da kai. Elijah ya waiga wajen bencin, ya ga Zaidu ya kawar da ido.

Ransa ya ɓaci. Ya tsayar da ƙwallo ya daka tsawa: "Hammadu! Hanya kaka ba ni? Tare ni! In ba ka tare ni ba, kada ka sake taka filin nan."

Ya koma baya, ya taho da dukkan ƙarfinsa, ya tashi. Hammadu ya tashi sama da shi, ya kaɓe ƙwallon da hannu ɗaya, ba tare da ko nishi ba. Ƙwallo ya gangara har gindin darbejiya. Yaron ya durƙusa gabansa ya ce: "Malam, ka yi haƙuri."

Elijah ya dube shi. Sannan ya ce, "Tashi. Zaidu, ɗauki yaron nan." Ya fita daga fili bai jira an tashi wasa ba.

Ya ci gaba da koyarwa a makarantar har ya yi ritaya, kuma bai sake karawa da kowa ba. Amma a ranar, da ya isa gida, ya zauna bakin ƙofa bai kwance takalmi ba. Larai ta kawo masa ruwa.

Ya ce, "Larai, tun yaushe yaran nan suke kauce mini?"

Ta ajiye kwanon a gabansa. "Tun bara waccan, Baban Blessing. Duk gari an sani. Kunyarka munka ji."