Bugun Dogo da Ke Cikin Tsohon Fiyano

Ana tsakiyar walimar sallamar wani shugaban makaranta da ya yi ritaya, da rana tsaka, kiɗa ya ɗauke. Ba wuta aka ɗauke ba, don fankokin ɗakin taron suna ta juyawa. Ganga ce ta yi shiru a cikin fiyanon, ɗan gilashin da ke nuna rubutu ya yi fari fat. Auta tana tsaye a gefen dandamali riƙe da jakar wayoyi, ta ga hannayen mahaifinta sun tsaya cak a saman maɓallai. Bai dubi jama'a ba. Sai ya sunkuya kan fiyanon, ya ce a hankali, "Dogo?"

A nan tsoro ya shige ta. Dogo ƙanin mahaifinta ne, kuma ya daɗe da rasuwa.

Kafin mai gabatarwa ya gama gyara murya, rubutun ya dawo, ganga ta ci gaba daga inda ta tsaya, jama'a suka yi tafi a zatonsu salo ne. Amma Auta ta ga gumin da ya tsattsafo wa mahaifinta a goshi, ta ga yadda ya ƙarasa taron yana taɓa maɓallan nan a hankali kamar mai lallaɓa mara lafiya. A shekarar ta gama jami'a, aiki bai samu ba tukuna, shi ya sa take bin sa taro tana ɗaukar masa kaya. Shi kuma ya daina kiranta Auta a gaban mutane, sai Mai Digiri.

Shi kuwa duk unguwa Mai Fiyano ake ce masa, har waɗanda suka girme shi da yawa ba su san masa wani suna ba. Da sharar wani otal ya fara, inda wata ƙungiyar makaɗa ke wasa a ƙarshen mako. Idan sun tashi, shi ke goge kayan kiɗansu, sai ya tsaya yana danna maɓallai da yatsa ɗaya har manaja ya leƙo ya kore shi. Da hannunsa ya faɗa, sai ya jawo ƙaninsa, wanda tun yana yaro ba ya barin bokiti ko murfin tukunya su huta. Shekara da shekaru suna tare, wa a kan fiyano, ƙani a kan ganguna: bikin aure, buɗe shago, bikin yaye ɗalibai, duk inda aka kira su.

Sai zamani ya juya. Aka shigo da irin fiyanon nan mai kiɗa da kansa, wanda hannun hagu ke ba shi umarni ya fitar da ganga da jita da sauran kaya, hannun dama kuma ya ja waƙa. Masu taro suka gane mutum ɗaya ya ishe su. Mai Fiyano ya sayi na hannu, ya kawo gida a kafaɗa. Dogo ya zagaya shi, ya ƙwanƙwasa murfinsa, ya ce, "Yaya, ka rasa abin da za ka kawo gida sai akwatin da zai kore ni daga aiki?" Ya yi wata guda ba ya gaishe da akwatin, in ji Umma, mahaifiyar Auta, wadda har yau take ba da labarin tana dariya.

Ciwon ƙirji ne ya sulhunta su. Da Dogo ya kasa ɗaukar ganguna, sai ya riƙa zama a ɗakin yayansa lulluɓe da bargo, fiyanon a kan cinyarsa, yana buga kiɗansa a ciki da yatsu biyu, ɗaya bayan ɗaya, na'urar tana adanawa. Auta tana ƙarama a lokacin, amma tana tuna tarinsa, tana tuna alewar da yake ɓoye mata a aljihu. Shi ya raɗa wa kowane kiɗa suna: akwai "Tafiyar Umma", akwai "Auta Na Kuka", akwai wani mai sauri da ya kira "Mai Gida Ya Zo Karɓar Haya".

Akwai wani maɓalli a fiyanon da ke daidaita bugu, ya ja wanda ya makara ya mayar da shi daidai kan layi. Dogo ya hana a taɓa shi. "Kar ka bari akwati ya yi min gyara," in ji shi. Shi kuwa bugunsa na ƙarshe kullum yakan ɗan makara, kaɗan ƙwarai, kamar mutumin da ya tsaya a bakin ƙofa yana zura takalmi. Haka aka adana shi, haka yake fitowa a kowane taro tun bayan rasuwarsa.

Washegarin walimar suka kai fiyanon wurin mai gyara, wani mutum mai gilashin ido da ake kira Injiniya, a wani shago cike da gawar rediyo da lasifika. Ya kwance murfin, ya haska ciki da fitilar waya, ya yi tsaki.

"Baba Mai Fiyano, wannan dattijon naka ya gaji fa. Ka ga ɗan batir ɗin nan kamar kwabo? Shi ke riƙe da duk kiɗan da kuka zuba. Yana gab da mutuwa."

"To a canza shi mana," in ji Auta.

"Mai Digiri, idan na cire shi, kafin in sa wani komai ya goge. Da sai a kwafe a faifai tukuna, to ramin faifan ma ya mutu, kuma irinsa an daina yi. Zan iya gwada canza batirin fiyanon yana kunne. Wani lokaci a dace. Wani lokaci hannu ya goga inda bai kamata ba, shi ke nan. Ban taɓa yi wa irin wannan ba, ba zan yi muku ƙarya ba."

"Idan aka bar shi fa?" in ji Mai Fiyano.

"Wata rana za ka kunna ka tarar da shi fes, kamar ranar da aka ƙera shi."

Mai Fiyano ya ce a mayar da murfin. Tun daga ranar bai ƙara kashe fiyanon ba. Ya jona shi da batirin mota a kusurwar ɗaki, ya rufe shi da zanen gado, ya daina karɓar aikin da ke da nisa. Umma ta ce, "Malam, ni da na haifa maka 'ya'ya ban taɓa samun irin wannan jinya ba." Ya ce, "Ke ai ba ki taɓa yin fari fat a tsakiyar taro ba." Suka yi dariya, amma Auta ta lura ko cikin cin abinci idonsa na kan 'yar jar fitilar da ke leƙowa ta ƙarƙashin zanen. Ita ma ta kamu. Ko tana cika takardar neman aiki, sai ta tashi ta leƙa ta ga ko fitilar tana nan.

Yayanta da ke aiki a wani gari ya kira ya ce magana ta ƙare, a je a zaɓi sabo, shi zai biya. Manajan ɗakin taron ma ya aiko cewa yana son Mai Fiyano, amma ba zai so kiɗa ya sake ɗaukewa a gaban baƙi ba. Don haka wata safiya Auta ta lallashi mahaifinta suka je kantin kayan kiɗa.

Sabon fiyanon yana da gilashi faffaɗa kamar na talabijin, ana shafa shi da yatsa. Mai kantin, wani mai baki kamar rediyo, ya danna nan ya danna can, ɗakin ya cika da sauti. Auta ta ga fuskar mahaifinta ta buɗe. Ya daɗe yana sha'awar irin wannan. Ta sha kama shi yana kallon bidiyonsa a waya.

"Alhaji, zauna ka ɗana," in ji mai kanti. "Wannan ko mara hannu ya zauna a kai sai an yi rawa. Ka kawo tsohon mu karɓa, mu rage maka."

Ya zauna, ya zaɓi kiɗa mai kama da "Tafiyar Umma", ya fara. Sautin ya yi daɗi, har wasu masu sayayya suka juyo. Amma da aka zo ƙarshen zagaye, hannunsa ya shigo a makare. Ya sake, ya sake makara. Ya gyara zama ya sake, haka dai. Gangar sabon fiyanon tana sauka daidai kan layi, shi kuma hannunsa yana tsayawa yana jiran wani.

Mai kanti ya yi dariya. "Alhaji, kiɗan na gaba kana baya. Ko sai an sa maka mai?"

Mai Fiyano ya janye hannayensa ya ɗora a gwiwa. "Ba laifin kayanka ba ne, ɗana. Akwai wanda na saba jira."

Auta ta juya ta yi kamar tana duba wayoyin da aka rataye a bango, don kar a ga idonta. Daga nan ta tambayi mai kantin ko sabon zai karɓi kiɗan da ke cikin tsohon. Ya ce idan an iya fito da su, akwai hanyar juya su a kwamfuta, sai dai bai san ko za su shiga yadda suke ba, ko na'urar za ta miƙe su. Ya ce zai ajiye musu wannan ɗin zuwa ƙarshen mako.

A gida Auta ta ce tana da dabara. Ta jona wayarta, ta sa mahaifinta ya kunna kiɗan Dogo ɗaya bayan ɗaya, ta naɗe su duka. Da ta gama ta kunna masa, tana jiran yabo. Ya saurara har ƙarshe, ya gyaɗa kai.

"Allah ya yi miki albarka, Auta. Ki adana shi da kyau. Amma wannan hotonsa ne. Na cikin akwatin, idan na rage gudu ya rage, idan na juya ya bi ni, idan na ɗaga hannu ya tsaya ya jira. Da wancan muke aiki tare. Wannan sai dai in zauna in saurare shi."

"To Baba, ya za mu yi? Idan mun bar shi zai tafi, idan mun taɓa shi zai iya tafiya."

Mai Fiyano ya tashi. Ya yaye zanen, ya zauna, ya kunna "Auta Na Kuka". Umma ta fito daga kicin da ludayi a hannu ta tsaya a bakin ƙofa. Ya bi kiɗan nan duka, har na mai karɓar haya, kowanne ya ba shi haƙƙinsa, kuma a ƙarshen kowane zagaye su biyun suna sauka tare, a makare, daidai da juna. Da ya gama ya shafa murfin.

"Lokacin da Dogo yake kwance, na yi ta jan ƙafa ban kai shi babban asibiti da wuri ba, ina tsoron abin da za su ce. Ko da na kai shi da wuri, likita ya ce da wuya. Amma zaman jiran nan na san shi, ba na son in sake yin irinsa. Gobe mu kai wa Injiniya ya gwada."

"Sabon fa?" in ji Umma.

"Ki gaya wa ɗanki na gode, zan karɓa, aiki ba zai tsaya ba. Amma ba musaya. Idan Dogo ya fito, mu tafi sabon gida tare, in sabon fiyanon ya yarda da shi a yadda yake. Idan bai fito ba, sai in koyi daina jira. Ban san ko hannun nan zai koya ba."

Da safe suka ɗauki fiyanon a kunne, Auta rungume da batirin motar a cinyarta a bayan tasi, tana roƙon direba ya bi ramuka a hankali, shi kuma yana tambaya ko mara lafiya ne a cikin zanen. Injiniya ya share tebur, ya ce su tafi gida, ba ya iya irin wannan aiki ana tsaye a kansa. Ya ce sai ya samo batirin da ya dace, ya kuma jira ranar da hannunsa ba ya rawa, sa'an nan zai kira.

Yanzu kusurwar ɗakin babu komai sai zanen gado a ninke. Mai Fiyano yana zama kusa da wurin da shayinsa, yatsunsa suna motsi a kan gwiwa. Auta ta ƙure ƙarar wayarta, tana tafiya da ita har wurin wanki, ko saƙon talla ya shigo sai ta yi wuf ta duba. Mai kanti ya aiko yana tambaya ko a kawo sabon, aka ce ya ɗan ƙara haƙuri.

Injiniya bai kira ba tukuna. Ba su san ko kiɗan Dogo yana nan ko ya goge ba.