Maƙerin da Ya Sassaƙa Fuskar Ɗansa

Lokacin sanyi a unguwar Hadayek el-Maadi, inda muka zauna bayan mun baro Sudan, kakarmu Habboba takan hura gawayi a baranda bayan magariba, ta ɗora gahawa, mu kewaye ta. A shekarar da yayana Usman ya fara maganar komawa Sudan ya shiga yaƙi, wata rana ta ce ba tatsuniya za ta yi ba. Labari ne da kakanta ya ji a bakin Baturen da ya yi wa kuku a Khartoum.

A zamanin tsohuwar Sarauniyar Ingila, in ji ta, akwai wani maƙeri a gidan buga kuɗi. Shi ke sassaƙa hatimin ƙarfe, shi ya ƙera injin da ke buga shi a kan azurfa. Aka ce ya yi lambar yabo ta sojoji. Ya tsayar da ɗansa tilo, ya ba shi takobi, ya sassaƙa shi yadda yake, ƙirji a buɗe. Da yaron ya ga kansa a azurfa, ya daɗe yana kallo. Bai ƙara taɓa guduma ba. Ya shiga soja, aka turo su ƙasarmu.

"Injin nan bai san kowa ba," in ji Habboba, ta rage murya. "Dum! Dum! Yana ta haifar fuskar yaro, yaro kuwa yana kwance cikin rairayi."

Aka aiko wa uban da lambar mamacin, wadda shi uban da kansa ya sassaƙa. Ya sa ta a aljihu ya koma bakin aiki, don akwai sauran iyaye masu jira.

Usman ya yi dariya. "Habboba, khalas, ya isa haka, tsorata ni kike so ki yi."

"Ba da kai nake ba, ɗan nan," ta ce.

Kafin azumi ya tafi. Sau biyu muka ji muryarsa a waya, daga nan shiru har yau.

Na daɗe ban gane da wa take ba. Sai da na girma na tuna Baba yana tsaye bakin ƙofa ran nan, shi da kullum yake yabon mazajen da suka tsaya suka yi faɗa, yana kiran kansa wanda ya gudu. Yanzu ina da ɗa namiji. Idan ana labarin yaƙi yaron yana kusa, nakan kama bakina.