Ɗankwalin da Aka Kama a Ƙofar Coci

Tun da gwamnati ta fara damuwa da tsaronmu, ba a shiga coci a Sabon Gari sai an lalube mutum. A layin mata akwai wata dattijuwa da ban sani ba. Tana sanye da zanen Zumuntar Mata da ya sha wanki, tana rungume da Littafi Mai Tsarki ta gefen hagu na ƙirjinta, kamar za a ƙwace mata.

Jami'ar tsaro ta sa ta sauke littafin, ta shafa ƙirjin, sai hannunta ya tsaya.

"Mama, mene ne wannan?"

"Tsumma ne, 'yata."

"Ciro mu gani. Doka ce."

Dattijuwar ta dubi layin, ta dubi sama. Ta zura hannu ta zaro tsohon ɗankwali, a naɗe daidai girman nono. Rigar ta kwanta a gefen nan.

"Ashe abin da ya kai ta asibitin Shika ke nan," in ji wata, cikin raɗar da kowa ya ji.

Ina jin daga likitan da ya yi aikin cire nonon sai Allah suka sani. Wataƙila kowace Lahadi sai ta daɗe gaban madubi tana daidaita ɗankwalin.

"Wuce, Mama, ba komai," in ji jami'ar.

Ba ta mayar da shi ba. Ta ɗora shi kan littafin ta shiga, inda fasto zai yi mana wa'azi a kan rashin tsoro. Mu kuwa hankalinmu ya kwanta, an tabbatar ɗankwali ba ya fashewa.