Sunan Itacen Inna Safara'u

Duk Zongon Lome an san Inna Safara'u mai maganin suga. Shekara arba'in tana daka saiwoyi a ƙofar gida, ga surutu kamar rediyo, amma ko da wasa ba ta taɓa sakin sunan itacen da ke aiki a garin maganin nata ba. Iri bakwai take haɗawa, shidan duk na ɓad da sawu ne. Haka ta gada wurin kakarta: ba a faɗa wa kowa sai wadda ta bi ki daji ta haƙa da hannunta.

'Yarta ɗaya, Batul, ba ta taɓa binta ba. Tun tana ƙarama take toshe hanci, wai warin saiwa na kama mata rigar lakwal, wato ta makaranta. Abin ya ci wa Safara'u rai, ga ta da riƙo.

Batul ta girma, ta shiga jami'a karatun magunguna. Ran nan ta ɗebi cokali biyu na garin a ɓoye ta kai ɗakin gwaji. Da ta dawo, tun daga kan babur take kwaɗa kira.

"Inna, wallahi garinki na aiki! Akwai wani sinadari a hanji mai mayar da tuwo suga, shi garin yake hana wa motsi. Wane itace ne? Malaminmu ya ce sai da suna."

Daɗi ya cika Safara'u, amma ta taɓe baki. "Yau kuma ba wari? Bari ruwa ya sauka, ki ɗauko fartanya mu tafi dajin bayan Kege." So take ta ɗan ja mata rai kawai, ita ma ta ji yadda jira yake.

Kafin ruwan farko Safara'u ta faɗi a bakin turmi. Ɓarin dama ya shanye, magana ta ɗauke, ita kuwa ba boko ba ajami. Batul ta dinga kwaso saiwoyi daga kasuwar Hejranawe tana nuna mata ɗaya bayan ɗaya, tsohuwa na girgiza kai. Garin da ya rage a kwalba kullum ƙasa yake yi.

Ranar da ruwa ya sauka, Batul ta shigo da sabuwar fartanya ta durƙusa a gefen gado.

"Inna, na shirya."

Sunan yana nan daram a bakin Safara'u, ɗan gajere ne ma. Ta tattara duk ƙarfinta ta turo shi. Miyau ne ya zubo, Batul ta sa bakin zaninta ta goge mata.