Niyyar da aka ciro daga bakina

Hadiza, jiya da dare wani mafarki na yi, har yanzu bai sake ni ba. Na san an ce mummunan mafarki ba a faɗinsa, na kuma tofa hagu sau uku, amma na kasa riƙe shi.

Kin san ajin motsa jiki na yoga na mata da nake zuwa ran Asabar saboda ciwon bayana. Kafin a fara, malamarmu Anti Rakiya takan ce kowa ta rufe ido ta ƙulla niyya a zuci. Ni tawa tun ran Juma'a nake rubutawa a ɗan littafina, in gyara, kullum kuma guda ce: in samu ƙarfin kula da Umma. Tun da ɓarin jikinta ya shanye ni ke juya ta duk bayan awa biyu, idan tana nemana sai ta buga cokali a kofin silba.

A mafarkin ajin yana tsakar gidanmu. Maimakon tabarma, kowa na zaune kan ledar da nake shimfiɗa wa Umma a gado. Anti Rakiya ta ce a ƙulla niyya, amma muryar Gwaggo Talatu ce ta fito, yayar Umma, mai ce mini 'yar albarka ta tafi ba ta taɓa ko bokiti ba.

Na ƙulla tawa a zuci. Anti Rakiya ta tsaya a kaina.

"Ba ita ba ce. Sake."

Na sake. Ta ce, "Ke wa kike yi wa ƙarya?"

Sai kawai ta sa yatsu biyu a bakina ta zaro 'yar takarda daga ƙarƙashin harshena. Rubutuna ne, har da layin da nake ja da rula. Ta karanta da ƙarfi: "Ina son Asabar ɗaya wadda ba wanda zai kira ni."

Matan suka kwashe da dariya. Wata ta ce, "Ka ji 'yar albarka!" Wata ta ce, "Ai ta hanya ɗaya ake samun irin wannan Asabar ɗin, kuma ta sani. 'Yar boko ce." Na ce ba haka nake nufi ba. Ba wadda ta dube ni. Suka ɗaga hannu gaba ɗaya suka ce amin.

Sai kawai na ga duk sun sa hijabi, sun jeru jikin bango kamar masu zaman makoki, ƙafafu a harɗe yadda ake koya mana. Daga ɗaki na ji cokali a kofi. Na yunƙura, gwiwoyina suka ƙi warwarewa. Na ƙirga, sau goma sha ɗaya aka buga. Daga nan shiru.

Anti Rakiya ta sunkuyo ta ce, "Yawwa, saki numfashi. Kin ji sauƙi ko?"

Hadiza, na saki. Bayana ya daina ciwo. Wannan ne abin da ban iya gaya wa kowa ba.

Na farka gari ya waye, awa biyun ta wuce tuni, gidan tsit. Na je ƙofar Umma na tsaya, hannuna a kan labule, na kasa ɗagawa. Can ta yi tari, ta ce, "Safiya, yau kin makara." Na juya ta, na shafa mata mai, ban yarda mun haɗa ido ba.

Ke da kika yi karatun addini fiye da ni, ki gaya mini: wacce ce niyyata, wadda nake rubutawa ko wadda aka ciro? Kuma da na tsaya a bakin labulen nan, me nake jira in ji?