Furanni a Matakala

'Yar Meziko ce, gajeriya, kitso biyu har ƙugu. Tana duƙe a matakalar gidan hayarsu na unguwar Highbridge, tana jera furanni ruwan goro hawa-hawa. Yau ranar matattunsu ce, wai furen zai nuna wa marigayi mijinta ƙofa.

Maƙwabciyarta Iya Tahiratu ta riƙe haɓa, ta dubi Wahab mai shara. "Ka ga ɗan gata! Mu biza ta sha mana kai, shi marigayin ko fasfo babu, ga burodi na jiransa a sama."

Matar na ta gyara furen da ya kauce, tana waiwayen ƙofa. Da gani, mutumin tun yana raye gwanin ɓatan hanya ne.

Wahab ya ɗaga tsintsiya. Iya ta take bakin tsintsiyar.

"Bari sai gobe, ɗan nan. Baƙo na hanya."