Rabon Naman Barka

A Murzuk aka haifi Barka, can kudancin Libiya, amma a Turabulus ya yi furfura yana tuƙa bazin, tuwon sha'ir, a gidajen biki. Hannunsa akwai daɗi, bakinsa kuwa sai a hankali. Tun yana saurayi maganarsa ɗaya ce: ƙasar nan yanki uku ce, yamma da gabas da kudu, to a raba kujerun majalisa daidai wa daida.

Abokin faɗansa shi ne Haji Milad mai sayar da tayal, haifaffen Turabulus. Shekarar da aka ba yamma, yankin Turabulus, kaso mafi tsoka na kujerun, Milad ya tare shi a wurin mai shayi.

"Barka, mutane ake ƙirgawa! Ko so kake a ba dabino da rairayi kujera?"

"Man fetur ɗin da ke ƙarƙashin rairayin ai ba ka raina shi ba, ya Haji," in ji Barka.

Sai ga Gais, ɗan Barka tilo, ya nemi 'yar Milad, aka kuwa ba shi. Ranar walima Barka ya ce babu mai taɓa tukunya sai shi. Kowa ya san ƙa'ida: mutum huɗu akushi ɗaya, kowa da tsokarsa. Dangin ango da suka zo daga kudu ba su cika tabarma biyu ba, na amarya kuwa har bakin titi.

Barka ya raba naman biyu cif, rabi nan, rabi can.

Aka kai akusa rumfar amarya. Dattawa suna laluben miya, yatsunsu na karo a kan ƙashi guda. Mutanen kudu kuma suka sunkuyar da kai, nama tuli a gabansu, kunya ta hana su ci.

Milad ya taso. "Ni za ka wulaƙanta a gaban baƙina?"

"Gida biyu ne, na ba kowa rabi. Yau ka ɗanɗana."

Gais ne ya kwashi akusan danginsa ya kai ɗaya rumfar, bai ko dubi ubansa ba. Auren bai mutu ba, amma daga ranar Gais bai sake taka gidan Barka ba.

Har gobe tsohon yana wurin mai shayi yana rabon kujeru, kuma ni ban ce ba shi da hujja ba. Jikokinsa dai a gidan Milad suke wasa. Barka bai taɓa ɗaukar ko ɗaya ba, kuma duk cikin mutanen Turabulus ake ƙirga su.